Kaset ɗin 'yan kallo: satar fasaha ko ceton tarihi?

Ranar 6 ga Yulin 1957, a wajen wani bikin coci da ke unguwar Woolton a birnin Liverpool na Ingila, wani matashi ya kunna rikodarsa ƙirar Grundig ya ɗauki sautin wasu yara 'yan makaranta da ke kiɗa da sunan Quarrymen. A ranar ce John Lennon ya fara haɗuwa da Paul McCartney, haɗuwar da ta haifi ƙungiyar Beatles. Babu gidan rediyo a wurin, babu kamfanin faifai. A 1994 kamfanin EMI ya sayi wannan tef mai cike da ƙara a gwanjon Sotheby's kan fam 78,500, domin babu wani sautin wannan rana da ya rage a duniya.

A Amurka da Turai akwai jama'a masu yawa da suka mayar da tara irin waɗannan sautuka abin yinsu. Suna farautar kaset ɗin da 'yan kallo suka ɗauka, galibi a ɓoye, a wuraren wasan manyan mawaƙan rok na shekarun 1960 da 1970. Kamfanoni sun daɗe suna kiransu ɓarayin fasaha. Amma duk wanda ya dubi abin da idon basira zai ga cewa mafi yawansu aikin ma'adana suka yi, aikin da masu haƙƙin suka yi sakaci da shi, kuma sun cancanci a yi musu adalci.

Harkar tana da tsari fiye da yadda na waje ke zato. Kowane kwafi da aka yi daga kaset zuwa kaset yana rage tsabtar sauti ya ƙara shuu, saboda haka darajar kaset tana ga kusancinsa da na asali. Shi ya sa masu tarawa ke rubuta salsalar kowane sauti: wane makirufo aka yi amfani da shi, wace rikoda, a wace kujera mai ɗauka ya zauna, hannu nawa kaset ɗin ya bi kafin ya iso. Suna gyara saurin tef idan batir ya yi sanyi a tsakiyar wasa, suna gwada maganganun mawaƙi da rahotannin jaridu don tabbatar da kwanan wata. Ma'aikacin rajista da ya san ciwon ɓatan fayil zai gane wannan horo nan take.

Cikin waɗanda suka yi suna akwai Mike Millard na Kalifoniya, wanda ya riƙa shiga zauren Forum da ke yankin Los Angeles a kan keken guragu, alhali lafiyarsa lau, ya ɓoye rikodar Nakamichi a ƙarƙashin mazauninsa. Sautin da ya ɗauka na wasan Led Zeppelin ranar 21 ga Yunin 1977 har yau ana sa shi a sahun gaba. Millard ya tsani masu sayar da aikinsa, har yakan sa wa kwafin da ya ba abokai alama don ya gane wanda ya ci amana. Ya rasu a 1994. A 2003 ƙungiyar da ta yi ta farautar irinsa ta sa wani yanki na sautin nan a faifan bidiyonta na hukuma.

Masu suka suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Waƙa guminsa ce ta mawaƙi, tikitin shiga kuma izinin saurare ne kawai. Mawaƙi yana da ikon ya ce daren da muryarsa ta dushe kada ya bi shi har kabari. Wasu kuma sun ci kasuwa da abin da ba nasu ba. Sautin wasan Rolling Stones da wani ya ɗauka a Oakland ranar 9 ga Nuwamban 1969 ya shiga shaguna a matsayin faifai cikin 'yan makonni, ba tare da mawaƙan sun ga ko sisi ba. Beatles sun je kotu kan sautin wasansu na Star-Club a birnin Hamburg na Jamus, wanda aka ɗauka a Disamban 1962 aka fitar a 1977, suka kuma yi nasara a 1998. Amurka ta yi doka a 1994 da ta mayar da cinikin irin wannan sauti laifi. Babu mai hankalin da zai kare wanda ya buga faifai da muryar wani ya zuba kuɗin a aljihu.

Sai dai ɗauka daban, sayarwa daban, kuma a nan ne masu suka ke haɗa kowa a kwando ɗaya. Ƙungiyar Grateful Dead ta nuna cewa ana iya raba su. Daga 1984 ta ware wa masu rikoda wuri na musamman a zauren wasa, bisa sharaɗi guda: a yi musaya, kada a sayar. Kaset ɗin suka zama masu yi mata shela, suka jawo mata masoyan da ke bin ta gari-gari, ta zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi cika filin wasa a Amurka. A 2005, da aka nemi a cire sautukanta daga rumbun Internet Archive, masoya suka yi ca. Aka sasanta cewa abin da 'yan kallo suka ɗauka kowa na iya saukewa, wanda aka ɗauka daga na'urar ƙungiyar kuwa sai dai a saurara a intanet. Wannan sulhu ya kare haƙƙin mawaƙi, ya kuma bar wa jama'a abin da suka adana da hannunsu.

Akwai kuma batun gaskiyar abin da ya faru. Faifan wasa na hukuma sau da yawa ana yi masa kwaskwarima a situdiyo: a sake rera baitin da ya karkace, a haɗa dare biyu ko uku su zama ɗaya. Kaset ɗin ɗan kallo bai san kara ba. Yana riƙe da kuskuren makaɗi, da ihun jama'a, da gardamar mawaƙi da masu gadi, da yadda waƙa ta canza daga wata zuwa wata kafin ta kai siffar da duniya ta sani. Ga mai binciken tarihi, wannan shaida ce da ba a shirya ta don ta burge kowa ba.

Su kansu manyan rumbunan ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Ranar 1 ga Yunin 2008 gobara ta cinye wani ɗakin ajiya a harabar Universal Studios da ke Kalifoniya, inda ake ajiye tef na asali na mawaƙa da dama. Jama'a ba su san girman abin ba sai da jaridar New York Times ta yi bincike a 2019, kamfanin kuma ya musanta adadin da ta kawo. Kowane ɓangare aka gaskata, darasin ɗaya ne: abin da aka tara a ɗaki guda, wuta guda ta ishe shi. Abin da ya bazu a hannun dubban masoya kuwa yana da wuyar shafewa.

Yanzu babban abokin gabar waɗannan kaset lokaci ne. Tef yana daƙƙewa, yana yin fumfuna, wani sai an gasa shi a ɗan zafi kafin ya juya ko sau ɗaya. Na'urorin kunna shi suna ta raguwa, masu gyaransu suna tsufa. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa wajen 2025 kayan kunna tef za su yi wuyar samu. Gargaɗin bai tsaya kan kiɗan Turawa ba. A kan irin wannan tef ne 'yan biki da masu shagon kaset suka ɗauki wasannin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuma zafi da ƙura da damina ba sa yi wa tef sassauci.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an same ta a tulu. Abin da ya kamaci hukumomin adana tarihi da na haƙƙin mallaka, a ko'ina suke, shi ne su tsananta wa mai sayarwa, su buɗe ƙofa ga mai ajiya: a karɓi kaset, a juya shi zuwa kwamfuta, a rubuta salsalarsa, a nemi yardar mawaƙi ko magadansa kafin a saki, a mayar wa mai shi kayansa. Doka tana iya jiran a daidaita kan wanda ya mallaki sauti, amma tef ɗin da ke ruɓewa a akwati ba zai jira a gama zaman kwamiti ba.