ZAMAN IYALI: Duka ba shi gyara aure

Manomi ya san gonar gwaji. Ana raba hili biyu, a sa taki a gefe guda, a bar gefe guda haka nan. Ran girbi sai a ƙidaya damma, a ga inda ya hi.

Irin wannan gwaji aka yi a jihar Doso bisa zancen dukan mata. An fara shi a 2016, aka duba sakamako a 2018. Ƙungiyar Pathfinder ta riƙe aikin, malaman wata jami'a ta Kalifoniya, a Amurka, suka riƙe lissahi. An zaɓi ƙauye 48 cikin ƙasar Doso da Loga da Dogon Dutsi. An yi hira da amare hiye da 1000, ƴan shekara 13 zuwa 19, da mazajensu.

Ga yadda aka raba ƙauyukan. Wasu, ma'aikatan lahiya suna bin su gida gida. Wasu, ana zaman tattaunawa, maza dabam, mata dabam. Wasu aka haɗa musu duka biyun. Sauran aka bar su yadda suke, don a gwada da su.

Mi aka gani? Inda aka yi zaman tattaunawa, matan da suka ce miji ya cuce su cikin shekarar sun ragu da hiye da rabi, in an gwada da ƙauyukan da aka bari. Inda aka bi gida gida kaɗai, an ƙaru wajen tazarar haihuwa, amma duka bai ragu ba.

Abin lura ke nan. Mutum shi kaɗai cikin ɗakinsa yana cewa kowa haka yake yi. In ya zauna da tsaransa, ya ji wani ya ce shi bai taɓa ɗaga hannu ga iyalinsa ba, sai ya koma gida da tunani. Ita ma yarinya, cikin ƴan uwanta mata, tana samun bakin faɗin abin da take ɓoyewa.

Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Amma duka yana karya ƙashi, yana iya ɓarar da ciki, kuma yaran gida suna kallo suna koyo. Ɗiyar da aka kai gidan miji amana ce, kuma dokar ƙasa tana hukunta wanda ya ji wa wani rauni, ko da matarsa ce.

Zaman tattaunawa ba shi cin ko dala. Inuwar itace da tabarma sun isa. Maigari da liman da ɗaliban yaƙi da jahilci suna iya sa rana guda cikin wata. Wadda aka ji wa ciwo kuwa, a kai ta likita ran nan, kada a ɓoye don kunya.

Allah shi ba da zaman lahiya cikin gidaje.