Masu tsofaffin Fijo, ku gyara danjar birki!

Jama'a, yau da masu Fijo 504 muke. Mota ce mai ƙarko, tun 1968 ta fito, har gobe tana jigila tsakanin Maradi da Tasawa. Amma don Allah, ina amfanin sabon fenti alhali danjar birki a mace take? Ka taka birki da dare, ɗan kabu-kabun da ke bayanka bai ankara ba sai dai ya ji shi a ƙasa. Sannan a ce tsautsayi. A'a, sakaci ne!

Kada a ce mana tsufa ne, gyaran ba wuya. Sa yaron mota ya tsaya baya, ka taka birki. In gefe ɗaya ne bai kama ba, ampul ya ƙone, ko wayar mas ta yi tsatsa, a kankare ta. In duka biyun ne, duba fizibil, sannan kontaktan da ke jikin fedal. Kuma ku daina ɗaura waya a madadin fizibil, gobara kuke kira.

Ampul bai kai kuɗin shayinku na sati ba. Ran ɗan mutane fa, nawa ne? Ku gyara kafin ku yi lodi.