Kafin ka saka wurin loda takarda a fom, tuna da ɗan Rogo

Duk wanda ya taɓa cike fom a intanet ya san inda ake maƙalewa. Suna da lambar waya ba matsala. Sai an zo wurin loda hoton fasfo ko takardar shaidar ƙaramar hukuma, nan ake yin ta. Hoton wayarka megabayit uku ko huɗu, fom ya ce ya yi nauyi. Netwok na rawa, data na zuba. Ƙarshe matashi daga wani ƙauyen Rogo ko Karaye ya hau mashin zuwa kafe, ya miƙa takardunsa ga wanda bai sani ba.

Daga N-Power a 2016 zuwa bashin karatu na NELFUND a 2024, ta fom ake neman dama. Yanzu kuma ku ne ke koyon haɗa waɗannan fom ɗin da Laravel ko Django, wasunku ta shirin 3MTT. To da kai muke magana, mai rubuta manhaja.

Saka wurin loda fayil layi kaɗan ne, kuma sauƙin nan ke jawo sakaci. Ka manta multipart/form-data a fom, fayil ba zai isa saba ba. PHP yadda ya zo, megabayit biyu kacal yake karɓa, wato hoton waya ya faɗi tun a ƙofa. Ka ɗaga iyakar, manhajarka ta rage nauyin hoton da kanta. Ka rubuta ƙa'idar a fili kafin mutum ya danna. In lodin ya katse, kar ka share abin da ya riga ya cike.

Sai batun amana. Kar ka yarda da sunan fayil, ka binciki abin da ke ciki, don ɓata-gari kan turo muguwar manhaja da sunan hoto. Kar ka ajiye katin NIN na mutane a foldar da kowa zai iya buɗewa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan mai karɓa.

Kafin ka ce ka gama, ɗauki tsohuwar waya ka je Rogo, inda sabis ke sanda ɗaya, ka gwada. In ya wuce a can, aikinka ya yi.