FILIN TSUNTSAYE: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

A wannan wata za mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu duba waɗansu tsuntsaye biyu da suka daɗe suna ruɗa masana.

Sunansu girakil. Ba su kai hankaka girma ba. Namijin baƙi ne mai sheƙi, da doguwar wutsiya wadda yakan lanƙwasa kamar cikin kwalekwale. Tamatar kuwa ƙarama ce, launinta ƙasa-ƙasa. Ana kiran ɗaya mai babbar wutsiya, ɗayan kuma mai wutsiyar kwalekwale. Da ka gan su sai ka rantse uwarsu ɗaya.

Masana ma haka suka ɗauka shekara da shekaru. Amma a 1961 waɗansu biyu, Selander da Giller, suka bayyana abin da suka gani a iyakar jihohin Teksas da Luwiziyana, inda tsuntsayen suke zama wuri guda. Ga su nan maƙwabta, amma kowace mace irinta take bi. A 1973 ƙungiyar masanan tsuntsaye ta Amurka ta yarda cewa iri biyu ne.

To, yaya za a rarrabe su? Da fari a dubi mazauni. Mai wutsiyar kwalekwale ɗan bakin teku ne, yana son fadamun ruwan gishiri daga wajen Niyok har Teksas. A jihar Fulorida ne ya bazu har cikin ƙasa. Mai babbar wutsiya kuwa ba ya zaɓen wuri. Gona, makiyaya da tsakiyar birni duk nasa ne, tun daga Peru, ta Meksiko, har tsakiyar Amurka da yammacinta.

Sai jiki. Namijin mai babbar wutsiya yakan kai inci 18, kansa a shafe. Ɗan'uwansa wajen inci 16 ne, kansa a mulmule.

Ido kuma fa? Nan ne sai an yi hankali. Na mai babbar wutsiya rawaya ne. Na ɗan'uwansa duhu ne a Fulorida da wajen Teksas, amma a gaɓar Atlantika can arewa shi ma rawaya ne. Wanda ya dogara ga ido kaɗai zai yi kuskure, sai ya fara tambayar kansa inda yake tsaye.

Shaida mafi ƙarfi ita ce murya. Mai babbar wutsiya yana fito mai hawa sama, da ƙara kamar ana karya ƙirare. Ɗayan kuwa kukansa a shaƙe yake, yana maimaita shi yana karkaɗa fikafikai. Matansu ba su jira 1973 ba, tun can sun san muryar nasu. Ashe gaskiyar magabata ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Yara, gobe da safe ku rufe ido a tsakar gida, ku ƙirga tsuntsu nawa za ku gane da kunne kaɗai. Sai wata mai zuwa.