Har Yaushe Wanda Ya Gama Zaman Kaso Zai Ci Gaba Da Biyan Bashi?

Babu wanda zai koya wa mutanen Batsari da Safana ma'anar ta'addanci. Su ne maƙwabtan dajin Rugu, su ne suka binne mutum 30 bayan harin Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020, su ne kuma suka sake yin jana'iza a watan Afrilun 2020, lokacin da aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Saboda haka idan muka kawo maganar mai laifin da ya tuba, mun san a gaban waɗanda muke magana, kuma ba mu zo don mu raina hawayen kowa ba.

To amma akwai wani zalunci da ke gudana shiru-shiru, wanda ya kamata a faɗe shi. Matashi ne zai yi laifi, kotu ta ɗaure shi, ya yi zamansa har ya ƙare, ya fito da sana'a a hannu da niyyar gyara. Da ƙyar da jiɓin goshi sai ya sami aikin gadi, ko tuƙi, ko masinja. Ana cikin watannin gwaji, kafin a tabbatar masa da aikin, sai wani ya kai tsegumi cewa ai wane tsohon fursuna ne. Shi ke nan, sai takardar sallama. Ba a ce ya yi sata a wurin aikin ba, ba a ce ya makara ba, ba a ma kira shi an ji ta bakinsa ba.

Abin takaicin shi ne, dokokin ƙasar sun bar ƙofar wannan a buɗe. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda jihohi ke kwaikwayo, sabon ma'aikaci sai ya yi shekara 2 yana gwaji, kuma wanda kotu ta taɓa samu da laifi ba a ɗaukarsa sai da izini na musamman daga hukumar ɗaukar ma'aikata. A wajen 'yan kasuwa kuwa, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya wadatar da sanarwar kwana 1 tak ga wanda bai wuce wata 3 a bakin aiki ba, da mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba. Ke nan mai neman korar mutum don tarihinsa ba ya ma buƙatar ya faɗi dalili.

Alhali kuwa akwai wata dokar da aka jefa a lungu. A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali. Sashe na 14 na wannan doka ya tanadi a bai wa wanda ya nuna halin kirki a tsare takardar shaidar kyakkyawan hali idan zai fita, ya kuma hana a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda zaman da ya yi. To muna tambaya: mutum nawa ne daga Batsari ko Safana suka fito da wannan takarda a hannu? Shugabannin ma'aikata nawa ne suka san da ita?

Mai karatu, duba ka ga yadda ake awo da mudu biyu. Tsarin mulkin 1999 ya yarda wanda aka ɗaure bisa laifin rashin gaskiya ya tsaya takarar gwamna idan shekara 10 ta wuce. A 2022 an yi wa tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, afuwa suna tsakiyar zaman kaso kan dukiyar jama'a. A nan gida kuma, tsohon Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da masu ɗauke da makamai har sau biyu, ya bi su har bakin daji a 2019, kafin ya fito a 2020 ya ce sun ci amana. A 2025 shugabannin al'umma a Batsari da Safana da Jibiya suka sake zama da su. Ba hukuncin sulhu muke yankewa a nan ba. Wanda wuta ke ci a gidansa shi ya san ruwan da zai ɗebo. Abin da muke cewa shi ne, idan za a shimfiɗa tabarma ga wanda bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, da wane ido za a kori wanda ya saci akuya, ya karɓi hukuncinsa, ya gama?

Kuma wannan ba maganar tausayi ba ce kawai, maganar tsaro ce. Matashin da aka kora daga aikin gadi a Katsina ko Dutsin-Ma ƙauyensu zai koma. Gona ba lallai ta nomu ba, jari babu, mutunci ya zube. Su kuwa na cikin daji ba sa tambayar takarda, ba su da watannin gwaji, kullum suna neman mai kai musu mai da abinci da labari. Duk ƙofar halal da muka rufe wa mai son gyara, mun nuna masa hanyar Rugu ne da hannunmu. Addininmu ma bai san ɗaurin da ba ya ƙarewa ba: hukunci yana da iyaka, ƙofar tuba kuma a buɗe take.

Ba muna cewa a rufe ido ba ne. Wanda aka ɗaure kan lalata yara ba shi da wuri a makaranta, wanda ya ci kuɗin jama'a ba za a danƙa masa ma'aji ba, wanda kuma aka tambaye shi ya ɓoye, shi ya jawo wa kansa. A duba irin laifin, da irin aikin, da shekarun da suka wuce. Ko a Ingila, tun 1974 suke da dokar da ke shafe ƙananan laifuffuka daga tarihin mutum idan ya yi wasu shekaru bai sake ba.

Don haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina, tunda gyaran tsarin mulki na 2023 ya bai wa jihohi hurumi a harkar gidajen gyaran hali, da ta yi dokar da za ta hana sallamar ma'aikaci a lokacin gwaji saboda laifin da ya riga ya bayyana da bakinsa ranar ɗaukarsa, ta kuma wajabta rubuta dalilin kowace sallama. Hakimai, musamman Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, da dagatai da limamai, su riƙa tsaya wa wanda suka shaidi gyaruwarsa. Shi kuma mai neman aiki ya faɗi gaskiya tun farko, ya nemi a rubuta masa sharuɗɗan aikinsa, domin doka ta wajabta a ba shi su kafin wata 3 ya wuce, kuma Kotun Ma'aikata na nan ga wanda aka zalunta.

Gwaji dai an yi shi ne don a auna aikin mutum na yau. To a auna shi da aikinsa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya shiryi masu shiryuwa.