Sakatar Bindiga a Bakin Injin Fira

Da yawa daga yaran zangonninmu suna koyon aikin ƙarfe a Suame Magazine da ke Kumasi. Sunan ma daga ma'ajin makaman soja na zamanin Turawa ya samo asali, inda masu sana'ar suka fara zama kafin a kai su Suame. To, a cikin ayyukan da akan kawo wa mai injin fere ƙarfe, akwai wanda muke so a yi hattara da shi. Maharbi yakan zo da sakatar bindigarsa, ya ce tana cijewa, a ɗan rage mata kauri.

Wannan sakata ita ce ƙofar da ke tare wuta. Idan harsashin .303 ya tashi, matsin da ke cikin bindigar yana kusantar fam 49,000 a kan kowane murabba'in inci. Tayar mota kuwa fam 30 ne da 'yan kai. Abin da ke tsakanin wannan ƙarfi da idon maharbi shi ne haƙoran sakatar da ke kullewa. Waɗannan haƙora da fuskar da ke danne gindin harsashi ba a taɓa su. In an ci su ko da kaurin takarda, sai harsashi ya sami wurin ja da baya, kwanson ya tsage, iska mai zafi ta fito wa mutum a fuska.

Akwai wani abu kuma. Wasu tsofaffin bindigogi, fatar ƙarfen kaɗai aka taurara a wuta, cikin yana da taushi. Wanda ya fere fatar ya zubar da ƙarfin ke nan, ko da aikin ya fito yana ƙyalli. Ƙyalli dai ba ya tare harsashi.

Sau da yawa ma ba kauri ne ke kawo cijewar ba. Tsatsa ce, ko busasshen mai da ƙurar hunturu, ko kuma sakatar wata bindiga ce aka sa. A duba lambar da ke jikinta, a gani ko ta yi daidai da ta bindigar. A wanke da kananzir, a goge, a sa mai. In har yanzu tana cijewa, aikin mai gyaran bindiga ne wanda hukuma ta sani, mai ma'aunin gwadawa. Dokar makamai ta Ghana ta 1972 ba ta ɗauki harkar bindiga da wasa ba, kuma yaro ɗan koyo ne zai kwana a hannun 'yan sanda.

Shi kansa injin yana da ladubbansa, ko sandar injin niƙa ce ake ferewa. Ba a tsaya masa da babbar riga ko safar hannu, domin abin da ya kama ba ya saki. A sa tabarau. A zare mabuɗin matsewa kafin a kunna. Ɓawon ƙarfe kuma da buroshi ake share shi, bayan injin ya tsaya cik.