Bayan Kaɗa Ƙararrawa: Kariya ga Kashi na Biyar na Zangon Ƙarshe na Game of Thrones

Gabatarwa

A ranar 12 ga watan Mayu 2019, tashar HBO ta Amurka ta nuna kashi na biyar na zango na takwas na shirin almarar nan mai dogon zango, Game of Thrones. Taken kashin "The Bells", wato ƙararrawa. David Benioff da D. B. Weiss ne suka rubuta shi, Miguel Sapochnik kuma ya ba da umarni. An gina shirin a kan jerin littattafan George R. R. Martin, waɗanda na farkonsu ya fito a 1996, an kuma fara nuna shi a 2011. A wannan kashi ne Daenerys Targaryen, tauraruwar da aka shafe shekara takwas ana yi wa kallon mai 'yanta bayi, ta hau dodonta mai aman wuta ta ƙone birnin King's Landing da mutanen cikinsa, alhali an riga an kaɗa mata ƙararrawar miƙa wuya. Nan da nan aka yi wa marubutan ca, har fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake shirya zangon baki ɗaya. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa an yi wa kashin hukunci cikin fushi, kuma duk da kurakuran da ke tattare da shi, shi ne ya warware babban jigon shirin.

Sawun da aka bari tun farko

Babban zargin masu suka shi ne an sauya halin tauraruwa dare ɗaya ba tare da shimfiɗa ba. Sai dai duk wanda ya koma ya bi zubin labarin daga tushe zai tarar da sawun wannan ɗanyen aiki a kowane zango. A zango na farko ta ɗaure Mirri Maz Duur a kan tarin itace ta ƙone ta da ranta. A na biyu, a ƙofar birnin Qarth, ta yi barazanar mayar da birane toka idan dodanninta sun girma. A na huɗu ta gicciye iyayengijin bayi 163 a Meereen, ramuwar yara 163 da suka gicciye, ba tare da an tantance mai laifi da marar laifi ba. Daga baya ɗan wani daga cikinsu ya shaida mata cewa mahaifinsa yana cikin waɗanda suka ƙi amincewa da kisan yaran. A na shida ta ƙudiri aniyar shafe biranen da suka yi mata tawaye, sai da mashawarcinta Tyrion ya tuna mata da mahaifinta Sarki Aerys, wanda ya so ya ƙone King's Landing da mutanensa. A na bakwai ta ƙone Randyll Tarly da ɗansa Dickon, fursunonin yaƙi, don sun ƙi durƙusa mata.

Abu biyu ne suka fito daga wannan jeri. Na farko, wuta ce makaminta na fari a duk lokacin da aka ja da ita. Na biyu, kusan kullum wani na kusa da ita ne ke jan linzaminta. Kafin ranar ƙararrawa kuwa, duk masu riƙe linzamin sun kau. Jorah ya mutu a kashi na uku, an sare kan aminiyarta Missandei a gabanta a kashi na huɗu, an kuma harbo dodonta na biyu. Varys ya juya mata baya, Tyrion ya zubar da amincinsa a wurinta da yawan gurguwar shawara. Uwa uba, ta gano cewa Jon Snow ya fi ta gādon karagar da ta ƙare rayuwarta tana nema, kuma mutanen Westeros shi suke ƙauna. Ita da bakinta ta faɗa masa cewa tun da ba ta da soyayyar jama'a a wannan ƙasa, tsoro ne kaɗai ya rage mata. Idan aka dubi lamarin ta nan, ƙone birnin lissafin mulki ne mai muni: garin da ya miƙa wuya cikin ruwan sanyi yana iya naɗa Jon gobe, amma wanda ya ga toka ba zai sake ɗaga kai ba. Aristotle ya nuna cewa mafi ƙarfin al'amura a wasan tausayi su ne waɗanda ke zuwa ba zato, amma kuma wani ne ya haifi wani. Wannan kashi ya cika sharaɗin.

Kirari da abin da yake rufewa

Me ya sa miliyoyin masu kallo ba su ga wannan sawu ba? Amsar tana cikin salon da aka bi aka gabatar da ita. Duk inda Daenerys ta shiga, Missandei kan tsaya ta jero mata laƙabobi: uwar dodanni, mai tsinka sarƙoƙi, wadda wuta ba ta ƙonawa. Manazarcin adabin baka ya san wannan aiki, domin shi ne aikin sanƙira a gaban basarake, ya kuma san cewa kirari yana zaɓen abin da zai faɗa. Yakan kira zafin rai jarumta, ya kira rashin tausayi kwarjini. Mai kallo ya haddace kirarin har ya ɗauke shi a matsayin tarihi. Ɗaruruwan iyaye a Amurka sun raɗa wa 'ya'yansu mata suna Khaleesi, wanda laƙabin sarautarta ne.

Ƙari a kan haka, waɗanda ta riƙa ƙonewa a baya mutane ne da mai kallo ya riga ya tsana: fataken bayi da azzaluman sarakunan yaƙi. Kiɗan nasara na tashi, kyamara tana kallon ta daga ƙasa tana sama, mai kallo yana tafi. Bai taɓa tambayar ko an yi shari'a ba, tun da waɗanda aka kashe ba su ba shi tausayi ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani kaso na fushin da ya biyo bayan kashin fushin mutum ne da aka nuna masa abin da ya daɗe yana yi wa guɗa.

Inda aka ajiye kyamara

A nan ne gwanintar kashin ta fi fitowa. Daga lokacin da ƙararrawa ta kaɗa, aka nuna fuskar Daenerys tana huci tana duban fadar da kakanninta suka gina, kusan ba a sake nuna fuskarta ba har ƙarshe. Kyamara ta sauko cikin lunguna, ta bi Arya Stark tana gudu cikin ƙura da jini, ta bi wata uwa da 'yarta waɗanda Arya ta yi ƙoƙarin fitarwa amma suka ƙone rungume da juna. Dodon da aka saba kallo daga bayansa, yanzu inuwa ce da ke giftawa ta saman rufin gidaje. Sojojin Arewa, waɗanda mai kallo ya ɗauka mutanen kirki ne, suka afka wa waɗanda suka ajiye makamai, har Jon ya kashe wani sojan ɓangarensa da ya kama wata mata zai yi mata fyaɗe.

Tarihi bai ƙaryata wannan hoto ba. A 1258 Halifa Musta'asim ya miƙa wuya ga Hulagu, amma hakan bai hana a yi kwanaki ana karkashe mutanen Bagadaza ba. Labaran almara sukan rufe da jarumi ya ci gari an yi shagali, ba a cika tambayar abin da ya sami mai tallar gurasa a bakin kasuwa ba. Shirin da tun zangonsa na farko ya sare kan Ned Stark don ya nuna cewa nagarta ba ta kare mai ita, da ya ci amanar kansa in da ya ƙare da yaƙi mai tsabta.

Inda masu suka suke da gaskiya

Kariya ba ta nufin wanke kashin tas. Zanguna shida na farko kashi goma-goma ne, na bakwai kashi bakwai, na takwas kashi shida kacal. Saboda haka rashe-rashen da suka kamata su ɗauki zango guda suna cin zuciyar tauraruwa an cusa su cikin makonni biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma marubutan sun raunana hujjarsu da kansu da suka riƙa nanata batun haukan gādo na zuriyar Targaryen, domin wanda aka ce jini ne ya ja shi an rage masa alhakin zaɓinsa. Akwai kuma ƙorafin masu nazarin jinsi, cewa shirin ya ƙare da nuna mata biyu masu mulki, Daenerys da Cersei, a matsayin annoba, maza kuma su ne masu hankali. Wannan ƙorafi yana da nauyi, ko da yake Sansa Stark ta ƙare tana sarauniyar Arewa. Amma duk waɗannan aibobi ne na tsari da saurin tafiya. Ba su taɓa ingancin inda aka dosa ba, kuma tarke mai adalci yakan raba tsakanin jigo da yadda aka warware shi.

Kammalawa

Darasin da wannan cece-kuce ya bari ya shafi duk mai nazarin ƙagaggen labari, ko a littafi ko a fim. Ƙaunar da mai karatu ke yi wa tauraro ba ma'auni ba ce ta ingancin zubi, kuma marubuci bai ɗauki alkawarin ba wa kowa ƙarshen da yake so ba. Abin da ake binsa bashi shi ne ƙarshen da labarin da kansa ya haifa. "The Bells" ya biya wannan bashi, ko da ya biya shi a gaggauce. Wanda ya sake kallon shirin daga farko bayan ya ga tokar King's Landing, da wuya ya sake yin tafi a ranar da aka gicciye mutum 163 a Meereen.